Maigidana ya kwashe kashin jemage, tari ya ƙi sakinsa

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaishe ki da aiki. Ni matar aure ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, ina da ɗa ɗan shekara biyu, ga kuma ciki na wata biyar. Maigidana kafinta ne. A watan Maris aka ba shi aikin cire tsohon silin na wani gini da ya daɗe a rufe. Ya ce da suka ɓamɓare katakon farko, kashin jemage ya zubo musu a ka kamar an juye buhun gero, ƙura ta turnuƙe ɗakin har ba sa ganin juna. Ya kwashe buhu shida, huɗu ya kai lambun albasar ƙaninsa a bakin Binuwai, biyu suna nan jingine a zaurenmu. Bayan kwana goma sha biyu, zazzaɓi da busasshen tari suka kama shi, shi da yaron shagonsa. Yaron ya warke cikin mako biyu, shi kuwa yau wata uku ke nan. An yi maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na taifot, an gwada kakinsa sau biyu ba a ga tibi ba, amma da aka ɗauki hoton ƙirji sai aka ɗora shi a kan maganin tibi. Yau mako biyar, babu sauƙi. Ya rame, da dare gumi yana jiƙa zanin gado, ga wani miki a harshensa da ke hana shi cin abinci. Yana shan taba, kuma ya fi shekara yana shan wasu ƙananan ƙwayoyi na ciwon gwiwa da yake saye a tebur. Mahaifiyarsa ta ce masu ginin ya tasa, wato aljanu, don haka a bar asibiti a koma rubutu da hayaƙi. Mahaifiyata ta ce in ɗauko ɗana in dawo gida kafin ya shafa mana. An ware masa kwano da kofi. Likita ya ce a yi gwajin sida, ya ƙi, ya ce zarginsa ake yi. Hajiya, in tafi ne ko in zauna, kuma mene ne yake damun mijina?

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba maigidanki lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kin ba ni labarin silin ɗin nan dalla-dalla, har da yawan buhuna da yawan kwanaki, amma ba ki ce an ba likita wannan labari ba. Ina kyautata zaton ba a ba shi ba, domin mara lafiya idan ya zauna gaban likita abin da yake ji a jikinsa yake faɗa, ba ya tuna aikin da ya yi watanni uku da suka wuce, shi kuma likitan da ke da mutum arba'in a layi ba koyaushe yake samun sararin tambayar sana'ar mutum ba. Saboda haka kafin komai, ina so ki koma asibiti tare da maigida a cikin makon nan, ki buɗe baki ki ba likita labarin ƙurar nan kamar yadda kika ba ni, ki kuma faɗa masa cewa yaron shagon ya kwanta a rana ɗaya da shi. Likita ne zai auna ya tabbatar da abin da ke damunsa, amma mutum biyu da suka shaƙi ƙurar kashin jemage tare, suka kuma kwanta tare bayan kwana goma sha biyu, alama ce mai ƙarfi ta wata cuta da ya kamata a neme ta da sunanta.

Likitocinmu da Faransanci suna ce mata histoplasmose, ki rubuta wannan kalma a takarda ki tafi da ita. Abin da ke haddasa ta wata irin fumfuna ce mai suna Histoplasma capsulatum, dangin wadda kike gani a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai ita wannan ido ba ya ganinta. Tana rayuwa a ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe yana taruwa a kanta, domin kashin taki ne a gare ta kamar yadda yake taki ga albasa. Tsuntsu ba ya kamuwa da ita saboda zafin jikinsa ya yi mata yawa, kashinsa kawai ke ciyar da ita, amma jemage yana kamuwa, yana ɗauke da ita a hanjinsa, yana kuma kai ta duk inda ya sauka. Wannan ne ya sa tarin kashin jemage a cikin silin, inda babu ko ƙwayar ƙasa, yake iya zama matattararta. Muddin tarin yana kwance ba a taɓa shi ba, hatsarin kaɗan ne. Ranar da aka sa shebur ko tsintsiya, ko aka ɓamɓare katako ya zubo, ƙananan irinta suna tashi cikin ƙura, kuma ƙanƙantarsu ta kai su wuce hanci da maƙogwaro su sauka can ƙarshen huhu. Da sun ji ɗumin jikin mutum sai su sauya kama su zama ƙwayoyi irin na yis, su shige cikin ƙwayoyin jinin da aikinsu shi ne cinye baƙin abu, su zauna a ciki suna hayayyafa. Alamu sukan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 17 bayan shaƙar, kin ga kwana goma sha biyun maigidanki sun faɗa daidai cikin wannan tazara.

Cutar ba sabuwa ba ce, kuma ba ta Turawa kaɗai ba ce. Wani likita Ba'amurke, Samuel Darling, shi ya fara bayyana ta a 1906 daga gawarwakin da ya bincika a Fanama. An fi yin rubutu a kanta a Amurka, a kwarin kogunan Ohayo da Misisifi, abin da ya sa likitoci da yawa suka taso da zaton ta can ce. Amma a Afirka ta Tsakiya da ta Yamma muna da iri biyu: wadda ta fi kama huhu, da kuma wadda ake kira duboisii, wadda aka bayyana a 1952, ita kuma ta fi fitowa a fata da ƙashi da kaluluwa, da ƙuraje da marurai masu ƙin warkewa. A 1994 masu bincike a Najeriya suka ba da rahoton samun wannan iri na biyu a ƙasar kogon jemagu na Ogbunike da ke jihar Anambra. A nan Kamaru ma, binciken da aka wallafa a 2015 ya same ta a cikin masu ɗauke da cutar sida a Yawunde. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan fumfuna da suka fi bukatar a mai da hankali a kansu. Na kawo miki wannan ne don idan wani ya ce miki babu irin wannan cuta a ƙasarmu, ki san akwai.

Yanzu ga tambayar da na san tana cin ranki: me ya sa yaron shagon ya miƙe, maigida bai miƙe ba? Yawancin waɗanda suka shaƙi wannan fumfuna ba sa ma sanin sun shaƙa, garkuwar jikinsu takan murƙushe ta shiru. Wasu sukan yi zazzaɓi da tari da ciwon ƙirji da kasala na mako biyu ko uku, su warke ba tare da magani ba, kuma ga dukkan alamu abin da ya sami yaron ke nan. Waɗanda take kayarwa su ne wanda ya shaƙi ƙura mai yawa ƙwarai, da wanda huhunsa ya riga ya raunana, musamman mashayin taba, da kuma wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa. A wasiƙarki na ga biyun farko a fili, na uku kuma ina zarginsa saboda ƙwayoyin ciwon gwiwar nan. Da yawa daga cikin ƙananan ƙwayoyin da ake sayarwa a tebur don ciwon gaɓoɓi ko don ƙiba, deksametazon ne ko firednizolon. Suna kwantar da ciwo nan take, shi ya sa mutane suke son su, amma wanda ya shekara yana shan su ya kwance wa jikinsa ɗamara, kuma suna iya tayar da ciwon suga. Ki nemo fakitin ko ragowar ƙwayoyin ki sa a jaka ki kai wa likita ya gani da idonsa. Kada kuma ki sa maigida ya daina shan su dare ɗaya, domin jikin da ya saba da irin wannan magani yana iya faɗuwa idan aka yanke shi kwatsam, sai an riƙa ragewa sannu a hankali bisa umarnin likita.

Mikin harshen nan shi ya fi tayar mini da hankali. Idan fumfunar ta tsaya a huhu, tari ne da zazzaɓi da rama. Idan ta bi jini ta bazu, tana zuwa hanta da saifa da ɓargo da fata, kuma ɗaya daga cikin wuraren da take nuna kanta shi ne baki: harshe, dasashi, ganɗa. Wannan nau'i da ya bazu yana kisa idan ba a yi maganinsa ba, yana kuma warkewa idan an gano shi da wuri, shi ya sa na ce miki a cikin makon nan, kada a jira ranar da aka rubuta muku ta komawa. Amma mikin yana da wani amfani, domin ya kawo cutar inda hannu zai kai. A shekarun da nake aiki a ɗakin marasa lafiya, an kwantar da wani dattijo mai kula da wani tsohon masallaci, wanda shekara da shekaru shi ke hawa ya share saman rufin. Ya sha maganin tibi wata da watanni yana ta ƙarewa, har 'ya'yansa sun fara maganar a mai da shi gida. Wani matashin likita ya lura da miki a dasashinsa, ya kankaro ɗan abu kaɗan ya shafa a gilashi, aka rina, aka sa a madubin likita. Mai aikin ɗakin gwaji ya aiko a kira mu. Na sa ido na ga ƙwayar jini guda ta kumbura, cikinta cike da wasu 'yan ƙananan abubuwa zagayayyu kamar an cusa riɗi a cikin jaka, kowanne da ɗan farin da'ira kewaye da shi. Aka sauya magani. Dattijon nan da ƙafarsa ya fita, kuma ban manta yadda babbar 'yarsa ta riƙe hannun mai gwajin tana kuka ba.

Don haka ga abin da za ku roƙi likita cikin ladabi: a duba ko za a kankari mikin ko a yanki ɗan ƙanƙanin nama a gwada, a duba jini da hanta da ƙoda da suga, a kuma tambaya ko akwai hanyar yin gwajin fitsari na wannan cuta, wanda yake gano ta da sauri idan ta bazu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan gwaji cikin jerin gwaje-gwaje masu muhimmanci tun 2019, sai dai ba kowane asibiti ke da shi ba, saboda haka ku tambaya ko za a iya aika samfur zuwa babban ɗakin gwaji, irin reshen Centre Pasteur da ke nan Garwa, ko kuma Yawunde. Akwai kuma shuka kaki ko jini don fumfunar ta tsiro, amma wannan yana iya ɗaukar mako huɗu zuwa shida, kuma mara lafiyar da ya yi nauyi ba a sa shi jiran wannan kafin a fara magani.

Kada ki ga laifin likitan da ya ɗora shi a kan maganin tibi. Cututtukan nan biyu kamar tagwaye suke: tari mai daɗewa, zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, har hoton ƙirjinsu yakan yi kama, kuma a ƙasarmu tibi ya fi yawa nesa ba kusa ba. Gwajin kaki kuma yana iya kuskure tibi ko da yana nan. Abin da ya sa dole a sake zama shi ne, mai tibin da magani ya dace da shi yakan fara jin sauƙi cikin makonnin farko, zazzaɓi ya sauka, cin abinci ya dawo. Idan mako biyar sun wuce ana ƙara lalacewa, to ko tibin mai bijire wa magani ne, ko akwai wata cuta tare da shi, ko kuma tun asali ba shi ba ne. Ina gargaɗinki da babbar murya: kada ku dakatar da maganin tibi da kanku don kun karanta wannan amsa, domin mutum ɗaya yana iya ɗaukar cututtukan biyu a lokaci guda, kuma yanke maganin tibi a tsakiya shi ke haifar da mai taurin kai.

Haka nan kada wani ya je kantin magani ya sayo maganin fumfuna ya haɗa masa. Maganin wannan cuta shi ne itrakonazol, kuma ba na kwana bakwai ba ne. Mai ƙaramin ciwo a huhu yakan sha na mako 6 zuwa 12, wanda ta daɗe a huhunsa ko ta bazu a jikinsa kuwa sai ya sha na aƙalla shekara guda. Wanda ya yi nauyi ana kwantar da shi a fara da amfoterisin B ta jijiya na mako ɗaya ko biyu, ana lura da ƙodarsa, sannan a koma itrakonazol. Matsalar ita ce, rifamfisin da ke cikin maganin tibi, wanda yake mai da fitsari ja, yana sa hanta ta narkar da itrakonazol da sauri har ya zama kamar ba a sha ba. Wanda ya haɗa su a gida ya zubar da kuɗinsa, ya kuma wahalar da hantarsa, likita ne kaɗai zai san yadda zai daidaita. Fulukonazol da ake samu ko'ina da araha ba ya kai itrakonazol ƙarfi a kan wannan cuta. Idan an rubuta masa itrakonazol na kwanso, ana shansa ne da cikakken abinci, ba a haɗa shi da maganin gyambon ciki mai kashe tsami, kuma idan ƙafafunsa suka kumbura ko idonsa ya yi rawaya a koma asibiti. Ke kuma, da cikin da ke jikinki, kada ki kusanci shan wannan magani ko da wani ya ce miki rigakafi ne, domin yana iya cutar da ɗan tayi.

Sai maganar gwajin sida, wadda na san ita ce mai nauyi a tsakaninku. Maigidanki ya ji kamar an tuhumi mutuncinsa, kuma namiji mara lafiya da aka riga aka ware masa kwano, ƙaramin abu ma yana sosa masa rai. Amma likita ba halinsa yake tambaya ba, ƙarfin garkuwarsa yake son sani, domin a kan wannan ne zai yanke irin maganin da zai ba shi da tsawon lokacinsa. Duk wanda aka ɗora a kan maganin tibi ana yi masa wannan gwaji, malami ne ko ɗan kasuwa. Kada ki tayar da maganar a gaban mahaifiyarsa ko 'yan'uwansa. Ki bari sai dare ya yi, kun kaɗaita, ki ce masa ke ma ana yi miki a wurin awon ciki, kuma kina so ku je tare a yi muku ku biyu saboda abin da ke cikinki. Idan akwai wani babba da yake jin nauyinsa, kawu ko aminin mahaifinsa mai riƙe sirri, a nemi ya sa baki. Idan sakamako ya fito babu, an rufe wannan ƙofa an huta. Idan kuma akwai, maganin kyauta ne a Kamaru tun 2007, mutane suna shekaru da shi suna aikinsu suna aurar da 'ya'yansu, kuma sanin da wuri shi ne zai kare jaririnki.

Game da tafiya gida, amsata ita ce ki zauna, amma da sharuɗɗa. Cutar kashin jemage ba ta tashi daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarta ta tari, ko kwano, ko kofi, ko shimfiɗa, daga ƙura kawai ake shaƙarta. Tibi kuwa ana ɗauka, amma ta iskar ɗaki yake bi, ba ta kwano ba, kuma wanda ba a ga ƙwayar a kakinsa ba har sau biyu, ga shi ya yi mako biyar a kan magani, hatsarin ya shafa wa wani ya ragu sosai. Saboda haka ware masa kwano ba ya kare kowa, baƙin ciki kawai yake ƙara masa, a mai da masa kwanonsa cikin na iyali. Abin da zai yi amfani shi ne a buɗe tagogi iska ta riƙa ratsa ɗakin, ya riƙa rufe baki idan zai yi tari, ɗanki kuma ya kwana a wani ɗaki har likita ya gama tantancewa. Ki kai yaron cibiyar da ake ba da maganin tibi a duba shi, domin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da ke gida ɗaya da mai tibi akan ba shi maganin kariya, ke ma ki faɗa wa ungozomar asibiti halin da ake ciki. Mahaifiyarki tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma tana da hakkin a kwantar mata da hankali. Ki je ki same ta da kanki, ki zauna ki yi mata bayani, ki kuma roƙe ta ta aiko miki da ƙanwarki ta taya ki aiki, domin jinya da goyon ciki da ɗan shekara biyu sun fi ƙarfin mace ɗaya.

Surukarki kuwa, kada ki yi jayayya da ita a kan aljanu, ba za ki ci riba ba, kuma ita ma ɗanta take so ya tashi. A wani ɓangare ma ta fi kowa kusa da gaskiya, tunda ita ce ta danganta ciwon da ginin nan tun farko. Ki ce mata, Inna, kin yi gaskiya, daga ginin ne, likitoci ma sun san abin da ke cikin kashin jemage, kuma yana da magani. Addu'a da tofi da sadaka a ci gaba da su, babu mai hana su, kuma hadisi ingantacce ya zo cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Abu biyu ne kawai za ki tsaya a kansu da ladabi: ba za a bar asibiti ba, kuma ba za a yi masa hayaƙi ba, domin huhun da ke fama ba ya ɗaukar turaren garwashi a rufaffen ɗaki. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba su ma a dakata da su, saboda hantarsa tana ɗauke da nauyin magunguna huɗu na tibi. Taba kuma dole ya ajiye ta, kuma a nan surukarki za ta fi ki iya yi masa magana.

Abin da ke barazana ga ke da ɗanki a gidan nan yana jingine a zaure. Buhunan nan biyu su fita, amma ba ke za ki taɓa su ba, ba maigida ba, ba kuma almajiri ko ƙaramin yaro ba. A sami babban mutum mai lafiya, ya sa takunkumi mai tace ƙura irin wanda ake kira FFP2 ko N95, ya matse shi sosai a fuska, domin rawani ko ƙyalle ko takunkumin asibiti na yau da kullum ba sa tare abu mai wannan ƙanƙanta. Ya yayyafa wa buhunan ruwa har su jiƙe, ya zura kowanne cikin babbar leda ya ɗaure, a kai su nesa da gidaje a haƙa rami mai zurfi a binne. Kada a ƙona, kada a zazzage. Ƙasan zauren a jiƙa ta da ruwa a kwashe da shebur, a goge da tsumma mai laima, tsintsiya busasshiya kada ta taɓa wurin. Ku fita daga gidan ke da yaron har a gama, kayan da mai aikin ya sa kuma a tsoma su a ruwa kafin a wanke, kada a kakkaɓe. A aika wa ƙanin maigida cewa takin da ke lambunsa kada ya watsa shi a bushe ranar iska, ya jiƙa shi tukuna ya rufe da ƙasa. Albasar da ta fito a wurin ba ta da laifi, a wanke a ci.

Ki ɗaga kai ki dubi naku silin ɗin ma. Idan da magariba kina ganin ƙananan jemagu suna fitowa daga ƙarƙashin kwano, ko kina jin wani wari mai hawa kai a ɗaki idan rana ta take, ko baƙin gari yana zubowa ta tsagar katako, to suna ciki. Ba a kashe su, ba a kama su da hannu, domin cizonsu yana iya ɗauke da cutar haukan kare, ga shi kuma suna rage mana sauro da ƙwarin gona. Ana lura da ƙofar da suke bi, a bari su fita kiwo da dare, a toshe da raga ko siminti, a kuma kauce wa lokacin da suke da 'ya'ya a ciki don kada su mutu su ruɓe a rufin. Wannan hattara ta shafi tsohon akurkin kaji, da ɗakin tantabaru, da rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba, da kogon kuka, da kogunan duwatsu inda jemagu ke zama. Idan Allah ya ba maigida lafiya ya koma sana'arsa, jarkar ruwa da takunkumi su zama cikin kayan aikinsa kamar guduma da zarto, domin wanda ya taɓa yin wannan cuta yana iya sake kamuwa.

Idan kafin ranar komawarku kika ga numfashinsa yana sama-sama alhali yana zaune, ko ya yi tarin jini, ko ya rikice yana sambatu, ko ciwon kai mai tsanani ya kama shi da sanƙarar wuya, ko ya kasa haɗiyar ruwa, kada ki jira gari ya waye, kuma kada ki jira izinin kowa, ki nemi abin hawa a kai shi babban asibiti a daren. Ki tafi da hoton ƙirjin, da katin maganin tibi, da sakamakon gwajin kaki, da fakitin ƙwayoyin tebur, da takardar da kika rubuta sunan cutar da ranar da aka yi aikin silin. Ki sa a tambayo ko akwai wani da ya taya su aikin ranar nan ban da yaron shagon, a ji lafiyarsa, shi ma yaron idan tari ya dawo masa ya je a duba shi. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita, ki faɗa mini abin da gwajin mikin ya nuna da sunan da ke jikin fakitin ƙwayoyin nan.